Édouard Lucas: Malamin Makaranta Da Lamba Mai Alƙaluma 39

A wannan fitowa ina so in ba jama'ar kwalejinmu, malamai da ɗalibai, tarihin wani Bafaranshe mai suna Édouard Lucas. Malamin makaranta ne, watau mai irin aikin da ake horar da mutane dominsa a nan, a kan aikin kuwa ya mutu. Abin da ya sa na zaɓe shi, wata lamba ce guda ɗaya wadda ya yi fama da ita har ya ga bayanta a shekarar 1876. Ga ta nan:

170,141,183,460,469,231,731,687,303,715,884,105,727

In kun ƙidaya za ku tarar alƙalumanta 39 ne. Lucas ya tabbatar cewa babu wata lamba da za ta raba wannan daidai ba saura, sai 1 da ita kanta. Ya yi wannan aiki da hannu, a zamanin da babu kwamfuta, kuma har wa yau ba a samu wanda ya yi irinsa da hannu kaɗai a kan lambar da ta fi wannan girma ba. Yadda ya yi shi ne abin da nake so mu duba, gama akwai abin koyi a ciki ga duk wanda zai tsaya gaban allo da alli a hannunsa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Lucas ran 4 ga watan Afrilu, 1842, a garin Amiens da ke bakin kogin Somme, a arewacin Faransa. Iyayensa ba masu dukiya ba ne, ubansa da sana'ar hannu yake ci da iyalinsa. Amiens kuwa garin masaƙa ne, ya yi suna wajen saƙar karammiski. Da aka sa yaron makaranta sai aka ga kansa na ja ƙwarai wajen lissafi. A 1861 ya shiga École Normale Supérieure a birnin Faris, watau babbar makarantar horon malamai ta ƙasar, wadda aka fara kafawa a 1794. Ya fita a 1864 da takardar shaidar koyar da lissafi. Kun ga ashe ɗan'uwanmu ne, ta ƙofar da muka shiga shi ma ya shiga.

Da ya gama, ba a aji ya fara aiki ba. An ɗauke shi mataimaki a gidan binciken taurari na Faris, ƙarƙashin wani shahararren masani, Urbain Le Verrier. Shi ne wanda a 1846 ya zauna da takarda ya lissafa inda ya kamata a ga wata duniya da ba a taɓa sani ba, masu bincike a Berlin suka juya madubin hangen nesa wurin, suka kuwa gan ta, ita ce Neptune. Amma Le Verrier mutum ne mai wuyar sha'ani, na ƙarƙashinsa ba su jin daɗinsa, har gwamnati ta tuɓe shi a 1870 saboda koke-kokensu. Lucas ma ba su shirya da shi ba. Ko da yake albashinsa a wurin taurari yake, zuciyarsa tana wajen lambobi.

A 1867, yana da shekara 25, ya buga wani ɗan littafi a kan sana'ar garinsu, watau lissafin saƙar satin, yadin nan mai santsi da sheƙi. Abin da ke sa shi santsi, a kowane layi wuri ɗaya tak zaren kwance ke danne na tsaye, sa'an nan a layi na gaba sai a matsa da zare kaza. In zaren tsaye 8 ne, aka riƙa matsawa da 3, za a bi ta kan na 1, 4, 7, 2, 5, 8, 3, 6, kowane zare ya samu rabonsa. Amma in da 2 aka riƙa matsawa, sai a yi ta kewaya 1, 3, 5, 7, sauran huɗun su tafi ba a ɗaure su ba, yadi ya lalace. Dalili kuwa, 2 tana raba 8, amma 3 da 8 babu lambar da ke raba su tare sai 1. Ku riƙe wannan ƙidaya mai zagayowa, wadda in an kai ƙarshe ake komowa fari, za mu sake gamuwa da ita.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa. Lucas ya shiga soja, ya zama hafsa a rundunar masu harba igwa. Faransa ta sha kashi a 1871. Da ƙura ta lafa ya kama aikin koyarwa, ya zauna a garin Moulins a tsakiyar ƙasar, sa'an nan aka kawo shi Faris, inda ya koyar a manyan makarantun sakandare biyu, Charlemagne da Saint-Louis. Bai taɓa hawa kujerar farfesa a jami'a ba. Duk abin da zan faɗa nan gaba, a tsakanin darasi da darasi, da dare, da lokacin hutu ya yi shi.

Yadda ake karkasa lambobi

Kafin mu gane aikinsa sai mun tuna yadda masana ke karkasa lambobi. Kashi na fari kowane yaro ya san shi, watau cika da mara. Na biyu kuwa shi ne na rabuwa. Lamba kamar 12 tana rabuwa da 2, 3, 4 da 6. Amma 2, 3, 5, 7, 11, 13 da 'yan'uwansu ba su rabuwa da kome sai 1 da su kansu. Irin waɗannan zan riƙa kiransu gagara-raba. Su ne tubalan lissafi, gama kowace lamba mai rabuwa da su aka gina ta, misali 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Euclid, masanin da ya zauna a Iskandariya ta Masar, ya kafa hujja cewa gagara-raba ba su da iyaka.

Akwai kuma kashi na uku, wanda mutanen Girka na dā suka ƙago. A tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ba ta kai ta ba, lambar mai giɓi ce, kamar 8, gama 1 da 2 da 4 sun ba da 7. In jimlar ta wuce ta, mai rara ce, kamar 12, gama 1, 2, 3, 4 da 6 sun ba da 16. In kuwa jimlar ta zo daidai, sai a kira ta cikakkiya, kamar 6, wadda take 1 da 2 da 3, ko 28, wadda take 1, 2, 4, 7 da 14. Cikakkun lambobi ba su da yawa, bayan 6 da 28 sai 496, sai 8,128.

Euclid ya nuna hanyar samunsu. A tona gurabu a jere kamar na dara. A sa ƙwaya 1 a gida na fari, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu, haka haka, kowane gida ninkin na bayansa. Jimlar gida 2 ita ce 3, ta gida 3 ita ce 7, ta gida 4 ita ce 15, ta gida 5 ita ce 31, ta gida 7 kuwa 127. Duk sa'ad da jimlar ta zama gagara-raba, a ninka ta da abin da ke gida na ƙarshe, za a samu cikakkiyar lamba. Ga shi, 3 sau 2 shi ne 6, 7 sau 4 shi ne 28, 31 sau 16 shi ne 496, 127 sau 64 shi ne 8,128. Lambar nan tamu mai alƙaluma 39 ba kome ba ce sai jimlar gida 127.

To, yaushe jimlar ke zama gagara-raba? In yawan gidajen lamba ce mai rabuwa, jimlar ma lalle za ta rabu, kamar 15 ta gida 4 da 63 ta gida 6. Amma in yawan gidajen gagara-raba ne, wannan bai isa hujja ba. Ku duba gida 11, jimlarsu 2,047, ita kuwa 23 sau 89 ce.

Jerin Mersenne

A 1644 wani malamin addinin Kirista a Faris, Marin Mersenne, ya buga jeri, ya ce daga gida 2 har zuwa gida 257 jimlar ba ta zama gagara-raba sai a gida 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Saboda shi ne ake kiran irin waɗannan lambobin Mersenne. Bai ba da hujja ba. Har zuwa 19 an riga an sani tun kafin ya yi magana. Ta gida 31 kuwa, watau 2,147,483,647, sai a 1772 Leonhard Euler ya tabbatar da ita. Sauran ukun suka zauna shekara fiye da 200 ba mai iya cewa i ko a'a.

Bari mu ga abin da ya hana. Ɗan aji biyar zai iya duban lambar gida 127 ya ce mara ce, gama da 7 ta ƙare, don haka 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. In ya tara alƙalumanta zai samu 154, wadda 3 ba ta rabawa, saboda haka 3 ma ta fita. Daga nan fa sai gwaji, 7, 11, 13, ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an kai ƙarshen lambar ba, ya isa a tsaya a lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai tamu, amma ita wannan ma alƙalumanta 20 ne. Pierre de Fermat, abokin wasiƙar Mersenne, ya rage wahalar. Ya gano cewa duk abin da zai raba irin wannan jimla, lalle ne ya zama ninkin yawan gidajen sau biyu ko sau huɗu ko sau shida, haka har gaba, a ƙara 1. Shi ya sa a gida 11 muka samu 23, watau 22 da 1, da 89, watau 88 da 1. A gida 127 ke nan sai lambobin da suke ninkin 254 da ƙarin 1 kaɗai za a gwada. Duk da haka yawansu ya haura 50,000,000,000,000,000. Da mutum zai gama raba ɗaya cikin kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya yi shekara fiye da miliyan 1,500. Ƙwazo kaɗai ba ya fid da mutum daga wannan rami.

Dabarar Lucas

Lucas ya biyo ta wata hanya dabam. Ya daɗe yana binciken wani jerin lambobi da ke cikin littafin da Leonardo mutumin Pisa ya rubuta a 1202, watau 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, inda kowace lamba take jimlar biyun da ke bayanta. Lucas ne ya sa sunan jerin Fibonacci ya bi shi har ya zauna. Ya kuma binciki wani jeri ɗan'uwansa, 1, 3, 4, 7, 11, 18, 29, 47, wanda yanzu ake kira lambobin Lucas. Ya lura cewa in aka ɗauki ta 2 da ta 4 da ta 8 da ta 16 a cikin jerin, za a samu 3, 7, 47, 2,207, kowace kuwa ta bayanta ce aka ninka da kanta aka ɗebe 2. Ga shi, 3 sau 3 a ɗebe 2 shi ne 7, 7 sau 7 a ɗebe 2 shi ne 47, 47 sau 47 a ɗebe 2 shi ne 2,207.

Abin da ya gano shi ne, wannan ɗan gajeren jeri yana tona asirin lambobin Mersenne, muddin yawan gidajen yana barin saura 3 in an raba shi da 4, kamar 7, 11, 19, 31 da 127. Ga ƙa'idar. A fara da 3. A ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake tuhuma, a jefar da amsa a riƙe saura. A sake yin haka da sauran. Yawan zagayen shi ne yawan gidaje a ɗebe 2. In saura na ƙarshe sifiri ne, lambar gagara-raba ce. In ba sifiri ba ne, tana rabuwa.

Mu gwada da gida 7, watau 127, zagaye 5 ke nan. Na fari ya ba mu 7, na biyu 47. Na uku 2,207, a raba da 127, saura 48. Na huɗu, 48 sau 48 shi ne 2,304, a ɗebe 2, a raba da 127, saura 16. Na biyar, 16 sau 16 shi ne 256, a ɗebe 2 ya zama 254, watau 127 sau 2 daidai, saura sifiri. Mun tabbatar 127 gagara-raba ce, ba mu kuwa gwada ta da 2 ko 3 ko 5 ko 7 ko 11 ba.

Ga lambar gida 127 kuwa, zagaye 125 ne kacal. Ku gwada wannan da lissafin shekara miliyan 1,500 ɗin nan. Amma fa kada a ɗauka abin banza ne. Kowane zagaye, lamba mai alƙaluma har 39 ake ninkawa da kanta. Ta hanyar da muke koya wa yara, wannan ƙananan ninki 1,521 ne a zagaye ɗaya, watau fiye da 190,000 gaba ɗaya, ban da tarawa da rabawa. Kuskure ɗaya a zagaye na 10 ya ɓata sauran 115, ba kuwa abin da zai nuna maka sai ka kai ƙarshe.

A nan ne ɗan garin masaƙa ya nuna kansa. Ya shirya allo mai gida 127 a tsaye, 127 a kwance, ya riƙa aiki da 'ya'yan wasa maimakon alƙaluma. Gida mai ɗa yana nufin 1, gida wofi yana nufin sifiri, kowane layi kuma darajarsa ninkin ta na kusa da shi ce. In 'ya'ya biyu suka haɗu a layi ɗaya, sai a kwashe su a sa guda a layi na gaba. Rabawa kuwa ta zama ba wuya, gama ɗan da ya wuce layi na 127 sai kawai ya zagayo layi na fari, kamar zaren satin. Kuna iya ganin dalilin da ƙaramin misali. A gida 3, jimla 7 ce, gida na huɗu kuwa 8, in an raba 8 da 7 saura 1, watau daidai da gida na fari. Wannan ƙidaya ta 1 da sifiri ita ce kwamfuta ke aiki da ita yau. Da haka ya bi zagaye 125, na ƙarshe ya share allon tas. A 1876 ya sanar da majalisar masana kimiyya ta Faris, a 1878 kuma ya buga cikakken bayanin jerin lambobinsa a wata mujallar lissafi ta Amurka.

Halayen lambar

Yanzu muna iya faɗin matsayin lambar nan a kowane kashi. Mara ce. Gagara-raba ce, saboda haka mai giɓi ce iyakar giɓi, gama abin da ke raba ta ban da kanta 1 ne tak. In an bi lambobin Mersenne da suke gagara-raba daga ƙarama zuwa babba, ita ce ta 12. In an rubuta ta da ƙidayar 1 da sifiri, 1 ce guda 127 a jere. In an ninka ta da abin da ke gida na 127, bisa ƙa'idar Euclid, za a samu cikakkiyar lamba mai alƙaluma 77. Akwai kuma wani abin mamaki da Eugène Catalan ya lura da shi a shekarar 1876 ɗin nan. Jimlar gida 2 ita ce 3, ta gida 3 ita ce 7, ta gida 7 ita ce 127, ta gida 127 ita ce tamu, dukansu kuwa gagara-raba ne. Wadda ke biye a wannan tsani ta yi girman da ya fi ƙarfin kowace kwamfuta, masana na nan suna jiran mai dabarar da za ta iya da ita.

Mersenne ya yi daidai a kan 127, amma ya yi kuskure biyar. Ya tsallake 61, wadda Ivan Pervushin, wani limamin coci a Rasha, ya tabbatar a 1883. Ya tsallake 89 da 107, waɗanda R. E. Powers, ma'aikacin jirgin ƙasa a Amurka, ya tabbatar a 1911 da 1914. Sa'an nan 67 da 257 da ya sa a ciki, duka biyu suna rabuwa. Gwajin Lucas yana da iyakarsa, gama yana gaya maka lamba tana rabuwa, amma ba ya gaya maka da me. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna wa taron masana a New York cewa jimlar gida 67 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287.

Malami mai wasa

Da yawa daga waɗanda suka san sunan Lucas ta wajen wasa suka san shi. A 1883, lokacin da sojojin Faransa ke yaƙi a ƙasar da ake kira Biyetnam yanzu, sunan Hanoi na bakin kowa, ya fito da wasan Hasumiyar Hanoi. Turaku uku ne da faya-fayai 8 masu huda a tsakiya, an jera su a turke ɗaya, babba a ƙasa ƙarami a sama. Ana so a mai da su wani turke, ɗaya ɗaya, ba a kuwa ɗora babba kan ƙarami. Bai sa sunansa a kwalin ba, ya sa N. Claus na Siam, malami a kwalejin Li-Sou-Stian. In kun juya haruffan Claus za ku samu Lucas, na Li-Sou-Stian kuwa Saint-Louis, makarantar da yake koyarwa.

Wasan yara ne, amma ku ƙidaya ɗauka. Faifai 2 na bukatar ɗauka 3, faifai 3 na bukatar 7, faifai 5 na bukatar 31, faifai 8 na bukatar 255. Su ne dai jimlolin gidajen nan namu. An haɗa wasan da tatsuniyar waɗansu masu bauta da ke ɗaukar faya-fayan zinariya 64, wai ran da suka gama duniya za ta tashi. Ɗaukarsu za ta kai 18,446,744,073,709,551,615, a ɗauka ɗaya kowace daƙiƙa kuwa shekara fiye da miliyan dubu 584 ke nan. Yaron da ya yi wasan da faifai 3, sa'an nan 4, sa'an nan 5, da kansa zai gano cewa kowane ƙarin faifai na ninka aikin ya ƙara 1. Ba wanda ya sa shi hadda.

Shi ne kuma ya buga wasan nan na haɗa ɗigo da ɗigo a rufe akwati, a 1889, wanda yara ke yi a bayan littafinsu har yau. Ya tara wasannin lissafi cikin littattafai huɗu da suka fito tsakanin 1882 da 1894, biyu na ƙarshe bayan ransa. A 1875 ya jefa wa masana wata tambaya a kan harsasan igwa masu kama da ƙwallo. In aka tara su dala, 1 a sama, 4 a ƙarƙashinsa, sa'an nan 9, 16, 25, yaushe ne za a iya rushe dalar a shimfiɗa su fili mai tsawo da faɗi daidai? Ya ce ban da ƙwallo ɗaya, sai dala mai hawa 24 kaɗai, wadda ke da 4,900, watau 70 sau 70. Sai a 1918 G. N. Watson, wani Baturen Ingila, ya kawo cikakkiyar hujja.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

A 1891 ya buga juzu'i na fari na babban littafinsa a kan ilmin lambobi. Bai samu rubuta na biyu ba. A shekarar nan ya je taron ƙungiyar ciyar da kimiyya gaba ta Faransa a birnin Marseille. Ana cikin liyafa sai tangaran suka suɓuce wa mai kawo abinci, ɓallin wani faranti ya yanke shi a kunci. Rauni ne ƙarami, amma ƙwayoyin cuta suka shiga, fata ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. A lokacin babu maganin irin wannan, gama sai a 1928 aka gano fenisilin. Ya rasu a Faris ran 3 ga watan Oktoba, 1891, yana da shekara 49.

Lambarsa ta yi shekara 75 ita ce babbar gagara-raba da aka sani a duniya. A 1930 Derrick Lehmer, wani Ba'amurke, ya gyara gwajin, ya nuna in an fara da 4 maimakon 3 yana aiki ga kowane yawan gida da yake gagara-raba, in ban da 2. Shi ya sa ake kiransa gwajin Lucas da Lehmer. Sai a 1951 aka wuce lambar, da taimakon injin lissafi. A 1952 Raphael Robinson ya sa gwajin cikin wata kwamfuta a Los Angeles, ya samu sababbi biyar a shekara ɗaya, na gida 521, 607, 1,279, 2,203 da 2,281. Tun 1996 masu sa kai a ƙasashe da yawa ke haɗa kwamfutocinsu ta intanet suna farautar waɗannan lambobi. A watan Oktoba na 2024 suka samu ta 52, jimlar gida 136,279,841, mai alƙaluma 41,024,320. Mai rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa zai yi kwana 474 bai gama ta ba. Da me aka tabbatar da ita? Da ninka lamba da kanta, a ɗebe 2, a riƙe saura, watau dabarar malamin sakandaren nan. Manyan gagara-raba kuma, waɗanda a zamaninsa ake ganin ba su da amfani, da su ake kulle saƙonnin banki da na intanet don kada ɓarayi su karanta.

Abin da ya rage gare mu

Na sha jin ɗalibai suna cewa sun zo kwaleji ne don ba su samu abin da suke so ba, wai wanda ya shiga aji ya binne iliminsa. Lucas ya yi shekara wajen 20 yana duba littattafan yara, a cikinsu kuwa ya yi aikin da ya gagari masana tun zamanin Mersenne. Ajin bai hana shi tunani ba. A ganina ma sabon da ya yi da neman hanya mafi sauƙi ta bayyana abu ga yaro, shi ya sa ya iya mai da lamba mai alƙaluma 39 ta zama 'ya'yan wasa a kan allo.

Na biyu, mu dubi yadda muke koyar da lissafi. Malamin da ya cika allo da lissafin rabawa guda 50 ya zauna da bulala, ya koya wa yara gwaji ɗaya bayan ɗaya, hanyar nan da ba ta kai kowa ko'ina ba cikin shekara 200. Wanda ya tsaya ya tambaye su dalilin da ya sa 3 ta zagaye zare 8 amma 2 ta kasa, ya sa su a kan hanyar Lucas. Hadda tana da wurinta, gama wanda bai san 7 sau 7 ba ba zai iya ko zagaye na biyu ba. Amma in an tsaya a hadda, an tsaya a bakin ƙofa.

Saboda haka ga aiki na bar muku kafin fitowa ta gaba. Ku gwada 2,047 da ƙa'idar 3 ɗin nan, zagaye 9, in ba ku yi kuskure ba za ku ƙare a kan 1,034, shaidar cewa tana rabuwa. Mai ƙarfin hali ya gwada ta gida 19, watau 524,287, zagaye 17, ya ga ko zai kai sifiri. Masu fita koyon koyarwa kuma su yanka kwali faifai 5 mai girma dabam dabam, su kafa kara uku a ƙasa, su ba yara, su yi shiru su ga wanda zai fara gano 31. Allah ya ba mu haƙurin aikin, ya sa yaran da za a danƙa mana su fi mu, amin.